Layar Zana

A rumfar Talle mai cajin waya muka ji,
daren Talata, bayan an naɗe tabarmin isha'i.
Wai can bayan ruwan gishiri
an ƙera jirgin yaƙi mai layar zana:
na'urar da ke hango komai a sama
sai ta ɗauke shi ɗan tsuntsu, ko ta rasa shi ɗungurungum.

Yaron ya miƙo mini wayar, fuskarta a tsage.
Na ga abin, baƙi, shimfiɗe kamar jemage,
babu lungun da ido zai kama ya riƙe.
Ya ce fentin jikinsa haɗiye kallo yake.
Ya ce kuɗin guda ɗaya, sai ya tsaya,
ya mai da dala naira, ya mai da naira buhun shinkafa,
har injin ya shaƙe, wuta ta ɗauke,
bai kai ƙarshen buhunan ba.

Baba Jatau, da ya rataye baka tun ina yaro,
ya tofar da tukar goro ya ce, "Sun makara.
Kakana ya shiga dajin Baturiya da irinta a damtse,
gada ta sansana ƙafarsa ba ta gan shi ba.
Sai dai laya ba ta rasa sharaɗi:
kada ka yi tari, kada ka tuna gida.
Shi wannan mene ne nasa?"
Talle ya ce, "An ce in ya buɗe ciki zai saki wuta,
a nan ake tsinkayarsa."
Tsohon ya gyaɗa kai.
"Ita ce. Kowa ya buɗe cikinsa, an gan shi."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.
Kadada biyu gare ni a fadamar Gatafa,
shinkafa ta fara nono,
jan-baki kuwa sun tare cikin kacala mako biyu ke nan.
Su ba sa ɓuya.
Da hantsi suke tasowa kamar hayaƙin gobara,
rana ta dushe, kunne ya toshe,
'yata Ladingo tana jan igiyar gwangwanaye
tun asuba, har muryarta ta koma ta tsohuwa.
Kwana tara rabonta da aji.

Bara an rubuta sunayenmu a sakatariya,
an ce jirgin feshi yana tafe.
Muka yi ta kallon gabas har wuya ya ƙage.
Daga baya labari ya iso
wai ya zo, ya yi shawagi sau shida, ya gama aiki.
Ba wanda ya ga inuwarsa,
ba akuyar da ta tsinke igiya,
jan-bakin ma ba su san an yi baƙo ba.

Na ce, Talle, in wuta ta dawo
rubuta wa maƙeran nan, su daina ɓarnar fenti.
Mu a Auyo mun riga su.
Namu ido bai kama shi ba, kunne bai kama shi ba,
takarda kaɗai ta gan shi, ta sa hannu.

Da na koma gida Ladingo ba ta yi barci ba,
tana shafa man kaɗanya a tafin da igiya ta yanka.
Na ba ta labarin don ta yi murmushi.
Ta ɗaga kai ta dubi sama ta tsakanin darni,
ta jima,
ta ce, "Baba, shi da ba a gani,
in ya bi ta kanmu, yana ganinmu?"

Ban san amsa ba.
Na jawo gwangwanayen gobe,
na zauna ina ƙara musu tsakuwa.